ƘOFAR ƊAKIN HAIHUWA

Karatu: Markus 5:35-43, Luka 1:56-59

 Ina gaida mutanen Ungogo da Bachirawa da Rijiyar Zaki, da na Fanisau da Rangaza da Yadakunya, har da manomin da ya ɗora rediyonsa a kan kututture a bakin gona yana ji. Mata masu ciki, Allah ya sauke ku lafiya. Masu jego kuwa, barkanku da arziki, Allah ya raya.

Yau maganarmu a kan wata ƙofa ce da yawancinmu muka taɓa tsayawa a bakinta, watau ƙofar ɗakin haihuwa a asibiti. Ko ka je Asibitin Murtala a cikin birni, ko Asibitin Malam Aminu Kano, ko Asibitin Waziri Gidado da ke kusa da mu, za ka tarar akwai doka a bakin wannan ƙofa. Akwai lokacin da aka ware domin ziyara. Akan ƙayyade yawan waɗanda za su shiga. Akan ce kada a zo da ƙananan yara. Akan hana maza kutsawa inda mata suke naƙuda. Kowane asibiti da irin tsarinsa, amma manufar ɗaya ce.

Sau da yawa kuwa a nan ne ake ɓatawa. Za ka ga mutum mai kamun kai, dattijo a majami'a, yana ɗaga wa mai gadi murya. Za ka ji uwa tana cewa, "Ni da na haife ta za a hana ni ganinta?" Za ka ji wani yana cewa, "Ai mu addu'a muka zo yi." To, tambayar da nake so mu amsa a yau ita ce: wannan doka abokiyar gābar zumunci ce, ko kuwa tana taimakonsa?

ABIN DA YA FARU DA NI

Bari in fara da kaina, gama wanda zai tsawata wa wasu ya kamata ya fara faɗin nasa laifin.

Sa'ad da na fito daga makarantar tauhidi, ina saurayin fasto, jini yana tafasa, matar wani ɗan'uwa a ikkilisiyarmu ta haihu a wani asibiti. Ranar Lahadi ce. Aka yi sanarwa a cikin sujada, mata suka rangaɗa guɗa. Da aka tashi, muka cika mota, mu goma sha huɗu, har da 'yan Zumuntar Mata da tukunyar kiɗansu. Muka isa da tsakar rana, ba lokacin ziyara ba. Wata dattijuwar malamar asibiti ta tare ƙofa. Na gyara tsayuwa, na ce mata, "Mama, ni ne Fastonta."

Ta dube ni, ta ce, "Fasto, na ga kwalar da ke wuyanka. Amma yarinyar nan kwana ta yi tana naƙuda, ta zubar da jini mai yawa, yanzu barci ya ɗauke ta. A gadon da ke kusa da ita kuma akwai wadda jaririnta ya koma da asuba. Waƙar murna za ku shiga ku rera a kanta?" Na rasa ta cewa. Sai ta ƙara, "In da gaske kuna ƙaunarta, jini leda biyu muke nema. Wa zai bayar?"

'Yan'uwa, cikinmu goma sha huɗu, mutum uku ne suka tsaya. Sauran kowa ya tuna yana da uzuri. Ni kaina sai da gabana ya faɗi kafin na miƙa hannu. A ranar na koyi abin da ba a koya mini a aji ba: da yawa daga cikin ziyarar da muke yi, domin kanmu muke yinta. Muna so mu gani, muna so kuma a gan mu, a ce wane ma ya zo. Abin da marar lafiya take bukata kuwa ba mu tambaya ba.

YESU MA YA RUFE ƘOFA

Mu duba karatunmu. Yayirus, shugaban majami'a, ya roƙi Yesu ya zo gidansa domin 'yarsa mai shekara goma sha biyu tana bakin mutuwa. Kafin su isa, labari ya zo cewa yarinyar ta rasu. Markus ya nuna mana cewa tun daga hanya Yesu ya rage masu binsa. Cikin almajirai goma sha biyu, uku kaɗai ya ɗauka: Bitrus da Yakubu da Yohanna. Da suka isa gidan suka tarar da shi cike maƙil, ana kuka, ana hayaniya. Me Yesu ya yi? Ya fitar da su duka waje. Waɗanda suka shiga inda yarinyar take su ne mahaifinta, da mahaifiyarta, da almajiran nan uku.

Ku lura fa, waɗanda aka fitar ba maƙiya ba ne. A cikinsu lalle akwai dangi da maƙwabta. Almajirai tara da aka bari a baya kuwa ba wani laifi suka yi ba. Amma ɗakin ba ya bukatar taro. Bayan ya ta da yarinyar, sai ya umarta a ba ta abinci, ya kuma gargaɗe su kada su baza labarin. Ubangijin rai ya kula da cikin yarinya da hutunta fiye da marmarin masu son kallo.

Bitrus ya koyi darasin. A Ayyukan Manzanni sura 9, sa'ad da aka kira shi Yafa saboda Dokas ta rasu, shi ma sai da ya fitar da kowa kafin ya durƙusa ya yi addu'a. Saboda haka kada wani ya ce mini addu'a ba ta karɓuwa sai da taro a gefen gado. Allahn da ya ji Yunana daga cikin kifi zai ji ka daga gindin darbejiyar da ke harabar asibiti.

DON ME AKA KAFA DOKAR?

Mutum ya fi bin doka da zuciya ɗaya in ya san dalilinta. Bari in kawo dalilai huɗu.

Na fari, saboda ran uwa. Haihuwa ba ƙaramin abu ba ce. Littafin Farawa sura 35 ya ba mu labarin Rahila, matar da Yakubu ya fi ƙauna, wadda ta rasu wajen haihuwar Biliyaminu. Abin bai ƙare a zamaninsu ba. Bisa ga ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2023 mata wajen 75,000 ne suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya duka. Babban abin da yake kashe su shi ne zubar jini bayan haihuwa, kuma a sa'o'in farko ya fi zuwa. Shi ya sa hukumar ta ba da shawara a riƙe mai haihuwa a asibiti aƙalla awa 24, ko da ta sauka lafiya. A cikin wannan lokaci ungozoma tana zuwa a kai a kai, ta taɓa mara ta ji ko mahaifa ta tsuke, ta duba ƙyallen da aka sa mata, ta auna jini. To, ku gaya mini, in surukai da ƙannen miji da dattawan ikkilisiya sun kewaye gado, yaya za a buɗe zane a duba? Wace 'yar Hausa ce za ta buɗe baki a gaban surukinta ta ce jini yana zuba mata? Shiru za ta yi, ta yi ta amsa gaisuwa tana murmushi har jiri ya kwashe ta. Kunyar da muke yabo a wurin 'ya'yanmu mata ita ce za ta iya zama ajalinsu in ba mu ba su fili ba.

Na biyu, saboda ran jariri. Kwana 28 na farko su ne mafi hatsari a rayuwar ɗan Adam. A shekarar 2022 jarirai wajen miliyan 2.3 ne suka mutu a duniya cikin waɗannan kwanaki, kashi uku cikin huɗu kuwa a makon farko. Jikin jariri bai riga ya koyi faɗa da cuta ba. Murar da babba zai yi kwana uku ya warke, jariri tana iya sarƙe masa numfashi. Mu mutanen Ungogo ba sai an ba mu labari ba. Cutar mashaƙo da ta ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, ƙaramar hukumarmu tana cikin waɗanda ta fi yi wa ɓarna. Ta tari da atishawa take yaɗuwa, kuma mutum yana iya ɗauke da ita bai sani ba. Allurar rigakafinta sai jariri ya yi mako 6 ake fara yi masa, a sake a mako 10, a sake a mako 14. Kafin nan, mu ne garkuwarsa. Wannan ne dalilin da ya sa ake cewa kada a zo da yara ƙanana ɗakin haihuwa: suna iya kawo ƙyanda ko tari daga unguwa, su ma kuma suna iya kwasar wata cutar su koma da ita gida.

Hannu ma abin lura ne. A shekarar 1847, a wani babban asibiti a birnin Vienna na ƙasar Ostiriya, wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya damu da yadda zazzaɓi yake kashe masu jego. A watan Afrilu na shekarar, wajen mata 18 cikin kowane 100 suka mutu a ɗakin da yake aiki. Ya gane cewa a hannun likitoci cutar take tafiya. Ya kafa doka kowa ya wanke hannu da ruwan magani kafin ya taɓa mace. Cikin 'yan watanni mutuwar ta sauko zuwa wajen 2 cikin 100. Manyan likitoci da yawa suka ji haushinsa, suna ganin ya ce musu ƙazamai. Girman kai ne ya hana su karɓar gaskiya, mata kuwa suka ci gaba da mutuwa. Ɗan'uwa, kai da ka riƙe ƙarfen A Daidaita Sahu, ka ƙirga canji, ka gaisa da mutum ashirin a hanya, in an ce ka wanke hannu kafin ka karɓi jariri, ba zaginka aka yi ba.

Na uku, saboda nono. Tun 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka kafa tsarin da asibitoci za su bi domin shayarwa. A ciki akwai ɗora jariri a ƙirjin uwarsa da zarar an haife shi, fata da fata, a kuma sa masa nono cikin awa ɗaya. Dakashin nan mai kauri da wasu suke matsewa su zubar, shi ne rigakafin farko da Allah ya shirya wa yaro. Sabuwar uwa, musamman mai haihuwar fari, tana bukatar natsuwa kafin ta iya riƙon jariri ya kama nono. Ba za ta iya ba in ana miƙa shi daga hannu zuwa hannu ana neman wanda ya yi kama da shi. Sau da yawa kuma masu ziyara ne suke ɗura wa jariri ruwan sukari ko zuma a ɓoye, suna ganin taimako ne. Nonon uwa zalla ya ishe shi har wata shida, ko ruwa ba ya bukata.

Na huɗu, saboda maƙwabciya. Ɗakin kwanciya ba na mutum ɗaya ba ne. A jere da taku akwai wadda aka yi wa aiki jiya, ɗinki yana mata zafi. Akwai mai jijjiga, wadda ake so a kwantar da ita inda babu hayaniya. Akwai wadda ta haifi bakwaini aka sa shi a kwalba, zuciyarta tana can. Akwai wadda za ta koma gida hannu wofi. Yawancinsu 'yan'uwanmu Musulmi ne, waɗanda ba za su ji daɗin namiji baƙo ya faɗo musu suna shayarwa ba, kamar yadda matarka ma ba za ta ji daɗi ba. Karin Magana 27:14 ta koya mana cewa ko albarka ce, in an yi ta da ihu a lokacin da bai dace ba, kamar la'ana take zama a kunnen mai ji. Shaidarmu a asibiti ba ƙarfin murya ba ce. Ladabi ne. Bishara ta shigo ƙasar nan hannu da hannu da jinya. Ga Yadakunya nan kusa da mu, inda 'yan mishan suka yi shekaru suna jinyar masu cutar kuturta tun kafin ƙasarmu ta sami 'yancin kai a 1960. Abin kunya ne a ce jikokin wannan aiki su ne suke zagin ma'aikatan jinya a bakin ƙofa.

AMMA AI ZUMUNTA A ƘAFA TAKE

Na san wani yana cewa a ransa, "Fasto, so kake ka kashe zumunci? Ba Ubangiji ne ya ce a Matiyu 25 duba marar lafiya kamar duba shi ne ba?" Gaskiyarka. Ban ce a daina zuwa ba. Ban kuma ce a bar mace ita kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarin da ta fitar a 2018, ta ce yana da kyau mai naƙuda ta kasance da mutum ɗaya da ita ta zaɓa a kusa da ita. Ku ji da kyau: mutum ɗaya, wanda ita ta zaɓa. Inda asibiti yake da fili ya yarda, a yi amfani da wannan dama. Inda ɗaki ya yi kaɗan, mata da yawa a wuri ɗaya, aka ce a jira a waje, sai a jira ba gunaguni.

Mu koma ga Luka sura 1, mu ga yadda Littafi Mai Tsarki ya tsara abin. Maryamu ta tafi wurin Alisabatu tun cikin yana wata shida, ta zauna da ita wajen wata uku. Ba leƙe ta je yi ba. Tsohuwa mai ciki tana bukatar mai ɗebo ruwa da mai hura wuta. Wannan ita ce ziyarar hidima. Da Alisabatu ta haihu, maƙwabta da dangi suka ji, suka taya ta murna. Amma Luka ya ce a rana ta takwas ne suka taru domin kaciya da raɗa suna. Wannan ita ce ziyarar biki. Kowace da lokacinta, kamar yadda Mai Hadishi sura 3 ta koyar. Kakanninmu ma haka suka tsara: akwai mai zaman jego, akwai ranar barka, akwai ranar suna. Mu ne muka haɗe su duka muka kai bakin gadon asibiti.

TO, ME ZA MU YI?

Kai maigida, aikinka tun kafin ranar yake farawa. Ka tabbata tana zuwa awo. Ka tanadi kuɗin mota, ka san wanda za ka buga wa ƙofa in naƙuda ta tashi da tsakar dare. In za ka yi tafiya, ka bar izini a fili cewa a kai ta asibiti ba sai an jira ka ba. Ku zauna da matarka ku yanke shawarar wadda za ta zauna da ita, sa'an nan ka sanar da danginka da bakinka, kada ka bar ta da nauyin faɗa. In aka hana mahaifiyarka shiga, kai ne za ka lallashe ta. Kada ka yi nisa da ƙofa, gama ana iya nemanka ka sa hannu a takardar aiki ko ka sayo magani. Kuma kada ka watsa hotonta a WhatsApp tana kwance a galabaice. Mutuncinta amana ne a hannunka.

Ku iyayenmu mata, uwar miji da uwar mata, mun san kun haifa kun goya, ba wanda zai raina saninku. Amma ku bar ungozoma ta yi aikinta. Littafin Fitowa sura 1 ya adana sunayen ungozomomi biyu, Shifra da Fu'a, domin sun ji tsoron Allah sun ceci jarirai. Aikin nan mai daraja ne a wurin Allah. Kada a shigo da jiƙo a ɓoye a cikin kwanon abinci. Kada a shafa wa cibiya toka, ko man goge baki, ko a gasa ta da tsumma. Akwai maganin shafawa da asibiti yake bayarwa, shi kaɗai za a sa. Ta cibiya ne cutar da take sandarar da jariri ta kulle masa baki take shiga.

Ku 'yan Zumuntar Mata, ga inda kuka fi kowa amfani. Ku zaɓi mutum biyu su wakilce ku a lokacin da aka ware. Sauran ku raba aiki. Wata ta dama kunu, wata ta yi tuwo da miya ta aika. Wata ta kwashi yaran da aka bari a gida ta yi musu wanka ta kai su makaranta. Wata ta wanke kayan jini ba tare da ta yi zancensa a rijiya ba. Ku matasa, in damina ce, gonar mai gidan tana jiran noma yana can asibiti. Ku ɗauki fartanya. Yakubu 2:15-16 ya tambaye mu amfanin fatan alheri da baki ga wanda ba shi da ci ba shi da sutura.

Ku maza masu lafiya, ku ba da jini. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayar da shi. Za a gwada ka tukuna, in ba ka isa bayarwa ba za a gaya maka. Ina roƙon kowace ikkilisiya ta rubuta sunayen waɗanda suka yarda su bayar, da rukunin jininsu, a ajiye a wurin magatakarda. Mu da muke wa'azi cewa an fanshe mu da jinin Ɗan Allah, bai kamata mu zama na farkon sulalewa ba sa'ad da aka ce ana neman leda ɗaya.

Mu fastoci da dattawa, mu nemi izini kamar kowa. In an ba mu minti biyar, mu yi uku. A yi addu'a a hankali, a gaida na gadon kusa, a gode wa ma'aikata, a fita. In ka ga an yi wa marar lafiyarka abin da bai dace ba, akwai shugabar ɗaki, akwai ofishin shugaban asibiti. Ka je da ladabi ka faɗa. Ma'aikata ma mutane ne, sukan yi kuskure, sau da yawa mutum ɗaya tana duba mata da yawa dare guda. Amsa mai taushi takan buɗe ƙofar da faɗa ya kasa buɗewa.

Duk wanda ya shiga kuma, ya kula da bakinsa. A 1 Sama'ila sura 4, matar Finehas tana da tsohon ciki aka faɗa mata mugun labari: an ƙwace akwatin alkawari, mijinta da surukinta sun mutu. Nan take naƙuda ta kama ta, ta haihu, ta rasu. Gefen gadon mai jego ba wurin ba da labarin wance da ta mutu wajen haihuwa ba ne. Ba wurin cewa "Af, mace ce kuma?" ba ne. Ba wurin tambayar don me aka yi mata aiki ba ne, sai ka ce ragwanci ne. Wadda aka tsaga cikinta domin ɗa ya rayu ba ta gaza ba. In kuwa kana tari, ko zazzaɓi, ko ƙuraje sun fito maka a leɓe, zamanka a gida shi ne barkarka. Ka buga waya. Kada kuma kowa ya sumbaci jariri a baki ko a fuska.

BAYAN AN KOMA GIDA

A gida babu mai gadi, babu takarda a ƙofa. A nan ne ƙauna za ta zama doka. Littafin Firistoci sura 12 ya keɓe wa mai jego kwana 40 in namiji ta haifa, 80 in mace ce. Ba ma ƙarƙashin wannan farilla a yau, amma ku ga jinƙan da ke ciki: an ɗauke mata nauyin fita da shiga taro. Karin Magana 25:17 kuma ta gargaɗe mu kada ƙafarmu ta yi yawa a gidan maƙwabci. A ajiye buta da sabulu a bakin ɗaki. In ta yi barci, a bar saƙo a tafi. Kada a sa ta tashi ta yi wa baƙi girki.

Mai zaman jego ta zama mai ido. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa yawan kunun kanwa, da wanka da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gadon da aka hura wa wuta, suna da hannu a ciwon zuciyar da yake kama masu jego. In kun ga ƙafa tana kumbura, tana haki, ko jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, a koma asibiti a ranar. In jariri ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko idonsa ya yi ɗorawa, ko cibiya ta yi ja tana wari, kada a ce a bari sai an yi suna. Rago zai jira. Rai ba ya jira.

Wadda kuma ta dawo ba jariri, kada a guje ta. Abokan Ayuba sun fi yi masa amfani a kwana bakwai da suka zauna shiru fiye da dukan jawabinsu na baya. Ku je, ku zauna, ku share mata tsakar gida, ku bar dogon bayani.

'Yan'uwana, Manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa ƙauna tana da haƙuri, ba ta kuma nace wa son ranta. Wani lokaci ƙauna takan shiga ɗaki ta riƙe hannu. Wani lokaci kuma takan zauna a kan benci a waje, da kwanon abinci a cinya, tana addu'a har a kira ta. Matar nan da na ba ku labarinta ta rayu. Yaron da ta haifa yau magidanci ne. Ba ta taɓa jin waƙar da muka shirya mata ba, amma jinin 'yan'uwa uku ya shiga jikinta. In ka sake tsayawa a bakin wannan ƙofa, kada ka tambayi mai gadi, "Ka san ko ni wane ne?" Ka tambayi malamar asibiti, "Me take bukata?"

Mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, kai ne mai ba da 'ya'ya, kai ne kuma mai rayar da su. Muna kawo maka dukan matan da suke kan gwiwa a wannan sa'a, a asibiti da a gida. Ka raba su lafiya. Ka kiyaye jarirai daga kowace cuta. Ka ƙarfafa likitoci da ungozomomi da masu gadi, ka ba su haƙuri da hikima. Ka ta'azantar da waɗanda suka yi rashi. Ka gafarta mana inda muka sa son ranmu gaba da bukatar marasa ƙarfi. Ka koya mana mu san lokacin shiga da lokacin jira, ka ba mu hannuwa masu hidima. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.

Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.